Batun kyamarar da ka roƙa

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Baba da sauran mutanen gida. Nan Okland ta Amurka ma lafiya lau, sai godiya. Aiki na nan yadda ka sani, tun asuba ina kan titi ina raba kaya gida-gida har la'asar sakaliya.

Kyamara na saya. Ta hannu ce, amma garau take, zan ba wani mai tahowa gida kafin Babbar Sallah. Na kuma ga hotunan almajiran da ka ɗauka da waya ka sa a Facebook. Kana da ido, ba zan hana ka wannan ba. Amma na yaron nan da ke lasar robarsa a gindin katanga ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta maka wannan.

A gidan tarihin garin nan aka adana ayyukan wata mai ɗaukar hoto, Dorothea Lange. An haife ta a 1895, tana shekara 7 shan inna ya taɓa mata ƙafar dama, da ɗingishi ta yi rayuwarta. Da fari shagon hoto gare ta a San Faransisko, masu hannu da shuni take ɗauka. Da tattalin arziƙin Amurka ya karye a 1929, sai ta riƙa hango marasa aikin yi ta taga suna gararamba, ta ɗauki kyamara ta sauko titi. Daga 1935 gwamnati ta ɗauke ta aiki, tana bin sansanonin manoman da fari da bashi suka raba da gonakinsu. Ashe a Amurka ma an yi ci-rani da tsumma a jiki.

A watan Maris na 1936 tana kan hanyar komawa gida a gajiye, ta wuce wani sansanin masu tsinkar koren wake a Nipomo, nan jihar Kalifoniya. Sai da ta yi mil 20 sannan ta juyo da mota. Sanyi ya kashe waken, babu aiki, babu abinci. A ƙarƙashin wata 'yar rumfar tamfol ta tarar da wata mata mai shekara 32, uwar 'ya'ya bakwai. Na daɗe tsaye gaban hoton da ta ɗauke ta, Auta. Ta yi tagumi da yatsu a gefen baki, goshi duk a tattare, hannun rigarta ya yage a gwiwa. Yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta sun ba kyamara ƙeya, jariri na barci a cinya. Wallahi fuskar Inna na gani, shekarar da damina ta yanke mana gero bai kai ba.

Da hoton ya fito a jarida gwamnati ta aika wa sansanin abinci kimanin tan 9. Kafin ya iso, matar da iyalinta sun yi gaba. Kuma abin da ya fi damuna, Lange da kanta ta faɗa cewa ba ta tambaye ta sunanta ba. Minti goma, ta ɗauka, ta shiga mota. Fuskar baiwar Allah ta zaga duniya shekara 42 ba wanda ya san ko wace ce, sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta: Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, ɗaya daga ƙabilun asali na Amurka. Ta nuna ɓacin ranta, ko sisi ba ta samu ba, ga shi an mai da ita alamar talauci. 'Ya'yanta ma sun musanta wani abu daga labarin da aka rubuta a kansu, na cewa sun sayar da tayoyin motarsu don su ci abinci. Motar lalacewa ta yi.

Ban ce Lange muguwa ba ce. Ita ma hoton mallakar gwamnati ne, ba ta yi kuɗi da shi ba. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka tattara Japanawan Amurka aka tsare su a sansani, ta ɗauki abin yadda yake har sojoji suka ɓoye hotunan. A 1983 kuma, da Florence ta kwanta ciwon ajali, albarkacin hoton nan jama'a suka tara mata dubban daloli. Amma dai tambayar suna ba ta cin ko kwabo.

To ka koma wurin yaron nan. Ka san sunansa da garinsu, ka je ka gaida malaminsu ka nemi izini. Ka wanke masa kwafi ɗaya ka ba shi a hannu. In ya ce ba ya son na lasar roba, ka sauke shi, ka jira ranar Juma'a ya sa rigarsa mai kyau. Ni kaina kullum ina wuce tantunan marasa gida a ƙarƙashin gadojin garin nan, ban taɓa iya ɗaga waya ba. Kuma motar da na jingina da ita a hoton sallar bara ta maƙwabcina ce. Kada ka faɗa wa Inna.

Bakin cajar irin na nan ne, sai ka nemi adafta a kasuwa. Ka gaida Inna da Baba da kyau, ka ce wa Yaya Babba kuɗin taki na nan tafe ƙarshen wata.

Naka,
Yayanka