A bar wa yara filin wasa

Ranka ya daɗe Edita,

Filin unguwarmu, inda yayyena suke langa mu kuma muna gaɗa a farin wata, yau an yanka shi shaguna. Jikokina da sun dawo daga Islamiyya sai su rungumi waya har isha'i. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako. Tunda hawan jini ya kama ni, nakan ja 'yan matan tsakar gida mu yi gaɗa, ina tafi ina haki, gumi na karyo mini.

Don Allah masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi su ware wa kowace unguwa fili, ko ƙarami ne.

Wata kaka, daga Kano