Amsa ga Malama Mai Tambaya: Gidan Barnardo Ceto Ya Yi Ko Ƙwace?

Malama, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya.

A taron da aka yi kan kula da yara marasa galihu kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye mu: gidan da Thomas Barnardo ya buɗe wa yaran titi a Landan, ceton yara ya yi ko raba su da iyayensu? Lokaci ya ƙure ba mu amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka rubuto. Duka biyun ya yi, Malama, kuma ƙa'ida guda ce ta haife su.

Barnardo mutumin Dablin ne ta ƙasar Ayalan, an haife shi a 1845. Ya zo Landan a 1866 koyon aikin likita da niyyar tafiya ƙasar Sin wa'azin bishara, amma bai je ba. A unguwannin talakawa na gabashin birnin ya fara da makarantar yara masu yawo da tsumma, ya kafa mishan ɗinsa, sannan a 1870 ya kama hayar gida mai lamba 18 a Stepney Causeway domin yara maza. Ban da ci da kwana, ana koya musu kafinta da ɗinkin takalmi da yin buroshi. Wasu na faskare ana sayarwa, wasu 'yan aike ne a cikin gari.

Da farko in gado ya ƙare sai a ce wa yaro ya dawo wani lokaci. Haka aka yi wa John Somers, ɗan shekara 11, wanda ake wa laƙabi da "Karas" saboda jan gashinsa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun gama da shi. Daga nan aka kafa allo a ƙofa cewa ba za a ƙara mayar da yaro marar galihu ba. Wanda ya ɗauki wannan alkawari ya ɗauko wa kansa kaya biyu da ba sa sauka: kuɗin ciyarwa da wurin kwanciya.

Kuɗin daga hannun masu ba da taimako yake fitowa, su kuwa sai sun gani da ido. A 1874 aka buɗe ɗakin ɗaukar hoto a gidan, duk yaron da ya shigo a ɗauke shi. Ana haɗa hotuna biyu a sayar: ga shi da dauɗa ranar zuwansa, ga shi tsaf yana sana'a. Matsalar ita ce yaron da ya zo da rigarsa mai kyau ba ya motsa zuciyar mai kuɗi. Wani faston Baptis, George Reynolds, ya zargi Barnardo da abubuwa da dama, aka zauna sulhu a 1877. Masu sulhun sun wanke shi daga cin kuɗin marayu, amma sun same shi da shirya wasu hotunan don yaro ya fi kama da abin tausayi, suka kuma ce a sa kwamiti a kansa, ya daina riƙe komai shi kaɗai.

Batun wurin kwanciya ya fi wuya. Da Barnardo ya tara 'yan mata a babban ɗaki guda a Barkingside da ke gefen Landan, shi da kansa ya amsa cewa abin bai yi ba. Sai a 1876 ya buɗe ƙauyen ƙananan gidaje, kowanne da mace guda a matsayin uwa. A 1887 ya fara kai yara riƙo gidajen mutanen karkara. Waɗannan dabaru ne masu kyau, har yau ana bin sawunsu, sai dai suna cin kuɗi kuma ba sa sauri. Abin da ke sauri shi ne jirgin ruwa. A 1882 ya tura yara maza 51 Kanada, kafin 1939 kuwa adadin ya kai wajen 30,000. A lokacin gwamnatin Kanada na biyan dala 2 kan kowane yaro, kuma duk wanda ya tafi ya bar gado ga na bakin ƙofa.

Ga yadda ake yi a lokacin. A takardar karɓar yaro akwai sharaɗin cewa gidan na iya kai shi ƙetare, uwar da ba ta da abin ba shi a daren kuwa ba karatun sharaɗi ne a gabanta ba. Iyayen da aka yanke cewa ba mutanen kirki ba ne, sai jirgi ya tashi ake aika musu sanarwa. Ana ba yaro akwati da tufafi da Littafi Mai Tsarki, a sauke shi a gidan rabo a Toronto ko Peterborough, manomi ya nema a ba shi. Yarjejeniyar ta ce abinci da sutura da makaranta ga ƙanana, manya kuma a ajiye musu ladansu. A takarda babu laifi. Wurin duba yaran ne abin ya lalace: gonakin na nesa da juna, mai dubawa bai fi ya zo sau ɗaya a shekara ba, sau da yawa kuma a gaban maigida ake tambayar yaro ko lafiya. Wa zai ce a'a? Ana raba wa da ƙani. George Green, ɗan shekara 15, ya mutu a wata gona a Ontario a 1895, watanni kaɗan da zuwansa, jikinsa duk alamun yunwa da duka. Wasu kam sun dace da mutanen arziki har suka mallaki gonakinsu.

Abin da tambayarki ta taɓo kai tsaye shi ne yawancin yaran ba cikakkun marayu ba ne. Sau da yawa miji ne ya mutu, matar ta kawo ɗanta kafin ta farfaɗo, ta dawo ta tarar ya ƙetare teku. Barnardo bai ɓoye ba, yana ganin ɗauke yaro daga gidan da shi ya ɗauka ruɓaɓɓe ne aikin alheri ne, an kuwa kai shi kotu sau 88. Addini ma ya shigo: a shari'ar wani yaro mai suna Harry Gossage uwar ta nemi a mayar da ɗanta hannun 'yan Katolika, aka tarar an riga an tura shi Kanada. Dokar riƙon yara ta 1891 sai ta ƙara wa irin waɗannan gidaje ƙarfi a kan iyayen da aka ce sun yi sakaci.

Da Barnardo ya rasu a 1905 akwai gidaje 96 da yara fiye da 8,500 a hannunsu, ga bashi mai nauyi. An ci gaba da tura yara Ostireliya har 1967, kuma sai a 2010 Firayim Minista Gordon Brown ya nemi gafarar yaran da Birtaniya ta tura ƙetare. Ƙungiyar da ya kafa ta rufe gidanta na ƙarshe irin na da a 1989, yanzu ta fi ba da ƙarfi wajen tallafa wa yaro yana cikin iyali. Hotunan nan da rajistocin shiga suna nan a ajiye, da su jikoki a Kanada da Ostireliya ke neman sunan uwar kakansu da unguwar da ya fito.

Ki huta lafiya.