Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra Ta Ƙasa, Shehu Mohammed

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni tsohon direban bas ne a Kano. Da wankin mota na fara, na zama yaron mota, na shekara shida ina ɗaure kaya ina canza taya kafin maigidana ya yarda na taɓa sitiyari, shi ma a cikin tasha kawai, idan za a matsar da mota layin lodi. Haka akasarinmu muka koya. Yanzu ɗana yana son ya gaje ni, kuma abin da na gani a koyon nasa ne ya sa na rubuto maka.

Na kai shi wata makarantar koyon tuƙi mai rajista, kamar yadda dokarku ta ce. An koya masa da ƙaramar mota, ya zagaya fili, ya fita titi cikin gari, ya samo takarda. Ban ga laifinsu ba, iya abin da suke da shi ke nan. Amma yaron nan bas mai cin mutum 18 zai ja, da buhuna a but da rai a kowace kujera. Da na tambaye shi yadda zai sauko gangaren Hawan Kibo da cikakken lodi, sai ya ce zai riƙa taka birki. Gabana ya faɗi. Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san birki yana ɗaukar zafi ya daina kamawa, tun daga sama ake sa babbar giya, wato ta hawan tudu, a bar inji ya riƙe motar. Ni maigidana ya koya mini wannan da rankwashi. Shi wa zai koya masa?

Haka lambobi huɗun nan da ke jikin taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Jami'anku suna cewa taya ta wuce shekara huɗu ta ƙare aiki, amma a tasha da yawa zanen taya kawai suke dubawa su ce da sauranta. Haka gyangyaɗi, wanda ba goro ko shayi da ke maganinsa. Ba mu manta da ranar 31 ga Mayu 2025 ba, da motar 'yan wasan Kano masu dawowa daga Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Chiromawa, mutum sama da 20 suka rasu, sun kusa gida. Allah Ya jiƙansu. Hukumarka da kanta ta ambaci gajiya da gudu a lokacin.

Na san kun yi ƙoƙari. Tun 1988 hukumar nan take kan hanya, kuma tun 2017 kuka tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Sai dai na'ura ba ta san lokacin da idon direba ya fara lumshewa a Mokwa da ƙarfe ukun dare ba.

Roƙona shi ne a ware wa mai son jan bas horo nasa daban, da bas ta gaske, da lodi, a kan babbar hanya, kafin a ba shi lasisin haya. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT a Zariya, ga ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke da reshe a tashoshi da yawa. Ku haɗa kai da su a kawo karatun cikin tasha, da Hausa, a kan kuɗin da yaron mota zai iya biya. Yaran nan da yawa ba su yi boko mai nisa ba, amma suna jin ciwon mota daga kukan injinta. Jarrabawar Turanci ce ke korarsu, har wasu su bi ta bayan fage.

Kuma ku nemi tsofaffin direbobi su koyar. Muna nan zaune a benci a tasha, idonmu ya yi rauni ga tafiyar dare, amma hanyar tana cikin kanmu. Ni dai idan aka kira ni zan zo, ko ba a biya ni ba. Ɗana kuwa na hana shi ɗaukar fasinja tukuna, yana zama gefen wani abokina suna zuwa Kaduna suna dawowa.

Na gode, ranka ya daɗe.

Tsohon direban bas,
Kano