Takardar gurbin karatu hangen Dala ce, ba shiga birni ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye waɗanda 'ya'yansu ke neman karatu a ƙasashen waje. Bara war haka ni ma ina cikin wannan hali, kuma abin da na koya a 'yan watannin nan bai kamata ya tsaya a cikina ni kaɗai ba.

'Yata ta biyu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, burinta ta karanta injiniyancin lantarki. Ita kaɗai ta yi ta cike fom a wayarta, nawa dai biyan kuɗin fom da addu'a. A watan Maris saƙo ya shigo daga wata jami'a mai zaman kanta a Amurka cewa an ba ta gurbi, har da tallafin dala 28,000 a kowace shekara. Mahaifiyarta har da hawaye. Ni kuwa na ɗauki waya na shaida wa dangi cewa yarinya ta samu sukolashif. Wannan kalma ce nake so mu yi hattara da ita, domin a kunnen yawancinmu ma'anarta an ɗauke maka komai.

Sai bayan kwana uku muka zauna muka karanta shafi na biyu. A nan jami'ar ta jera abin da shekara ɗaya za ta ci: kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, inshorar lafiya da littattafai, jimla dala 71,000. Idan aka cire tallafin, saura dala 43,000 a wuyana, kuma ba sau ɗaya ba, sau huɗu. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an ce tallafin zai ci gaba ne muddin makinta bai sauka ƙasa da wani mataki ba. Na rubuta musu na tambaya ko tallafin yana ƙaruwa idan kuɗin makaranta ya ƙaru. Suka amsa cikin ladabi cewa a'a, adadinsa a tsaye yake.

Yarinyar ta ce, "Baba, ai zan yi aiki a can in riƙa cikewa." Na ji tausayinta ƙwarai, don da gaske take. Amma ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu aikin awa 20 kawai doka ta yarda ya yi a mako lokacin da ake karatu, shi ma a cikin makaranta. Wannan kuɗin sabulu ne da kati, ba ya biyan kuɗin zango. Kafin ma a kai nan, jami'a ba ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, sai ka nuna mata shaidar kuɗin shekarar farko. Akwai kuma dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na neman biza, waɗanda ba a mayarwa ko an hana ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da muka sani a makare. Tallafi a Amurka iri biyu ne. Akwai wanda ake ba ɗalibi don hazaƙarsa, irin wanda 'yata ta samu, akwai kuma wanda ake bayarwa gwargwadon ƙarfin iyaye. Na biyun sai an nema tun lokacin cike fom, galibi ta takardar CSS Profile inda uba zai bayyana abin da yake samu, kuma jami'o'i da yawa ba sa yarda ɗalibin waje ya dawo ya nema daga baya. 'Yata ba ta nema ba, don wani ya gaya mata neman taimako yana rage damar samun gurbi. A jami'o'i da dama hakan gaskiya ne. Amma akwai ƙalilan, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, da ba sa duba aljihun uba wajen ɗaukar ɗalibi ko daga ina ya fito, kuma idan sun ɗauke shi sukan cike duk giɓin da suka tabbatar yana da shi. Shiga cikinsu da wuya matuƙa, ban ce za ta samu ba. Amma da mun sani, da an gwada. Kuma ina amfanin gurbin da ba za ka iya biya ba?

Maganar Ingila, inda nan ma ta nemi gurbi, ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ta nema ta UCAS, shafin neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, inda ake zaɓar kwas biyar, wata jami'a ta ba ta gurbi bisa sharaɗin ta fara yin shekarar share fage, da rangwamen fam 3,000 na shekarar farko kaɗai. Wannan ragi ne irin na ciniki, ba tallafi ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun wajen neman biza, ga kuɗin zama na wata 9 da dole su yi kwana 28 a jere a asusu. Wani abokina ya ce mu nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya. A nan ma iyaye su lura: Chevening na digiri na biyu ne, sai wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, ba na mai fitowa daga sakandare ba. Jamus kuwa, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma sai ka zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, a riƙa sakar maka 992 a wata, ga kuma batun koyon Jamusanci.

Saura ɗaya, tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda ta cike a watan Fabrairu ba tare da ta sa rai ba. Shi ne kaɗai ya haɗa kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, alawus na wata da tikitin jirgi, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a fara kwas. Matsalar ita ce lokaci. Jami'ar Amurka na son amsa da kuɗin kama gurbi kafin 1 ga Mayu, sakamakon Turkiyya kuma sai wajen Agusta. Wato za mu saki na hannu alhali na gaba bai tabbata ba.

A makonnin nan na sha shawara. Yayana, wanda nake girmamawa, ya ce in sayar da gida, ai ilimi ya fi gini. Na yi lissafi a gabansa: kuɗin gidan zai kai ta shekara ɗaya da rabi. Na ce, "Yaya, ran da kuɗin suka ƙare tana tsakiyar aji biyu, wa zan kira? Ga ƙannenta uku." Ya yi shiru. Wani dillalin karatu kuma ya zo har gida ya ce in ba shi wani abu zai samo mana takardar banki mai nuna kuɗin da ba mu da su. Na sallame shi. Ban da haramcin abin, Ingila na iya hana mutum shiga har shekara 10 idan ta kama shi da takardar ƙarya, kuma sunan yarinya ne zai ɓaci, ba na dillali ba. Ko da an tsallake, takardar bogi ba ta biyan kuɗin haya.

Ranar 29 ga Afrilu na kira ta na ce, "'Yar nan, ba zan iya ba." Ban taɓa furta magana mai nauyin wannan ba. Ta yi kwana biyu ba ta fito falo ba. Daga baya ita da kanta ta rubuta wa jami'ar ta gode musu ta ce a ba wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ba na so mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi, ko kuma mun san yadda za ta kaya. Mun riga mun shirya cewa idan Turkiyya ba ta yiwu ba, za ta fara karatu a gida ta sake nema a digiri na biyu, inda tallafi cikakke ya fi yawa.

Allah Ya sa aka kira ta ganawa, a Agusta kuma sunanta ya fito. Yanzu tana shekarar koyon harshe. Ba aljanna ba ce: alawus ɗin kaɗan ne, darajar lira, kuɗin Turkiyya, na sauka, nakan tura mata ɗan abin da ya sawwaƙa, kuma jami'ar da aka tura ta ba ita ce zaɓinta na farko ba, sunanta ma ba wanda ya sani a danginmu. Amma na san abin da zan kashe daga yau har ta gama, kuma bai fi ƙarfina ba.

Edita, roƙona gare ka shi ne, duk lokacin da jaridarka za ta buga labarin ɗalibin da ya samu tallafi ko sanarwar wani tallafi, a daure a faɗi abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, shekara nawa ne, da sharaɗin ci gabansa. In da hali kuma, a ware shafi daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da ake cike yawancin fom ɗin nan, a gayyato waɗanda suka je suka dawo su amsa tambayoyin iyaye da Hausa. Ni a shirye nake in kawo takardun da aka aiko wa 'yata, a rufe sunanta, a karanta su layi-layi.

Na gode.

Naka,
Mahaifin wata ɗaliba