Bayanin kwamitin ginin ajin yara ga masu tambayar ina kuɗi suka shiga

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na gida da na waje. Magana ta yi yawa, wasu a guruf wasu a bayan ido, wai an tara kuɗin aji uku amma biyu ake gani a ƙasa. Toh ga bayani, kuma littafin ma'aji da rasit duk suna nan, mai son gani ya same shi bayan la'asar.

Kowa ya san tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 makarantu suka daɗe a rufe, shi ya sa matasan ƙauyenmu da suka yi karatu a Sinnar da Madani suka fara tara yara a rumfar kara suna koya musu Turanci da kula da itatuwa. Fili mai gari ya bayar, jan bulo daga bakin kogi wajen Mai Wurno aka sayo, rufi kwano ne. Wannan ba wanda ya ja.

Inda ake surutu shi ne harsashi, don shi ya cinye kusan rabin abin da aka tara. Jama'a ku tuna irin ƙasar da muke kai, baƙar laka ce, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta dare har ƙafar akuya na shigewa cikin tsagar, kuma ginin da aka ɗora a kanta haka nan tare suke motsi, shekara biyu uku sai ka ga bango ya tsage daga taga har ƙasa. Magini ya ce shi ba zai sa hannunsa ba sai an haƙa an wuce lakar sama, an zuba yashi da dutse an danne, sannan a ɗaura rodi a zuba kankare ya zagaye ginin. Wasu dattawa sun ce ai kakanni da jalus, wato ginin laka zalla, suka yi gini suka zauna lafiya. Gaskiya ne Baba, amma ɗakin mutum ɗaya daban, ɗakin da za a cika da 'ya'yan mutane daban, in bango ya faɗo kwamiti za a nema. Ga siminti daga Atbara yake zuwa, hanya ta yi nisa saboda halin da ake ciki, jinai, kuɗinmu na Sudan, kuma kullum faɗuwa yake, farashin da aka faɗa mana ran Asabar kafin Laraba ya canza. Aji na uku nan ya tafi, ba aljihun kowa ba wallahi.

Sai wayar shinge da wani ya ce almubazzaranci ne. Yaran sun shuka dakwara da aduwa da darbejiya a ledoji, kowane yaro da sunansa jikin tasa da Turanci, awaki suka shiga dare ɗaya suka share. Dakwarar nan ita ke ba da ƙaron da Sudan ta yi suna da shi a duniya, kuma sai ta yi wajen shekara biyar kafin a fara tsaga ta, toh ya za a koya wa yaro wannan haƙurin alhali ƙaya kawai aka kewaye da ita?

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Jidda da ya hana a faɗi sunansa, shi ya ɗauki kwano gaba ɗaya, da kuɗi suka yanke kuma ya sake turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, ba tare da an roƙa ba, Allah ya jiƙan mahaifa ya ƙara buɗi. Haka 'yan uwa na Makka da Riyad, da iyayenmu mata da suka yi ta ɗebo ruwa suna dafa wa masu gayya abinci, Allah ya saka da aljanna.

Amma fa da saura. Babu bayan gida, 'yan mata manya sai sun koma gida tsakiyar darasi, wasu ba sa dawowa. Tagogi buhu muka rataya, in habub, guguwar ƙurar nan, ya taso darasi ya tashi kenan. Tankin ruwa ma babu, a jarka yara ke kawowa don ban ruwan dashe. Dan Allah kafin damina ta rufe hanya, mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai riyal ya turo wa ma'aji, bayan gidan za mu fara haƙawa.