Dajin hanji ya ɗauke yayana yana ɗan shekara 37, yanzu ƙanena nake ji wa tsoro

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Daga Argungu nake rubuto maka, hankalina a tashe.

Wata bakwai ke nan da rasuwar yayanmu, Allah ya jiƙansa. Ya yi kusan shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, kowa na cewa basir ne. Har yau jarkokin jiƙon da yake saya ranar kasuwa suna nan bayan ƙofar ɗakinsa, na kasa zubarwa. Sai da wando ya fara zame masa daga ƙugu, tafin hannunsa ya yi fari fat, aka kai shi Sakkwato. Da aka leƙa hanjin ta dubura da na'ura mai kyamara, aka ce daji ne a babban hanji, har ya kai hanta.

Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe. Ya ce 'yan'uwa ciki ɗaya sun fi shiga haɗari, ana so su fara gwaji shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ga ɗan'uwansu. Namu lokacin ya wuce ke nan: shekarata 32, ƙanena 29. Ya kuma ambaci wata larura da ake gado mai suna Lynch, mai ƙara haɗarin dajin hanji. Nan gabana ya faɗi, don Babanmu ma ciwon ciki da bayan gida mai jini ne ajalinsa, bai cika hamsin ba.

Ƙanen nawa direba ne, yini yake zaune a mota tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato. Ga taba, ga tsire da balangu kullum dare, tumbi ya fara fitowa. Duk abin da likitan ya lissafa cewa yana ƙara haɗarin ciwon yana tattare da shi. Makon jiya matarsa ta raɗa mini cewa shi ma ya fara ganin jini. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yaya, ina raye ba mai sa mini abu ta dubura."

Likita, akwai gwajin bayan gida da zai iya farawa da shi, ko tunda jini ya bayyana sai na kyamarar? Ni da ban ga alamar komai ba, in je yanzu? Kuma ta ina zan ɓullo wa Inna? Maganarta kaɗai yake ji, ita kuma ko sunan marigayin aka ambata sai hawaye.

Wassalam,
'Yar'uwarka daga Argungu, Jihar Kebbi