Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Karrama Ƙwararrun Ƙwallon Lambu (Golf)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa membobi maza da mata.

Wannan shi ne rahoton kwamitin karramawa kan aikin da babban taro ya ɗora mana a shekarar da ta ƙare. Sunayen waɗanda suka karɓi lambobin yabo an karanta su a daren walima, suna kuma liƙe a allon sanarwa. Maganar kuɗi ta ma'aji ce, zai kawo nasa bayanin. Namu shi ne mu faɗi yadda aka kai ga waɗannan sunaye, inda aikin ya yi mana gardama, da gyaran da muke roƙon taro ya amince da shi.

Babban abin da muka yi bana shi ne raba lambobin gida biyu: waɗanda lissafi ke fitarwa, da waɗanda sai mutane sun zauna sun auna. A da a haɗe suke, shi ya sa kowace shekara ake tashi walima da guna-guni. Wanda ya fi kowa iya bugu yana ganin shi ya kamata a kira gwarzon shekara, alhali wanda ya wuni a filin atisaye yana koyar da yara, ya kula da shagon kulob, ya shirya gasa, shi ma ƙwararre ne, aikinsa dai ba ya fitowa a katin maki. Ba mu muka ƙirƙiro rabon ba. Ƙungiyar PGA ta Amurka, wato ƙungiyar ƙwararrun wannan wasa a can, wadda aka kafa a 1916, ta fara ba da lambar ɗan wasan shekara a 1948, Ben Hogan ne ya fara karɓa. A 1955 ta fito da wata lambar dabam domin ƙwararren da ke aiki a kulob, daga baya ta ƙara ta malamin shekara a 1986. Tsarin nan muka ɗauko muka rage shi daidai ƙarfinmu.

Lambobin lissafi

Biyu ne: ɗan wasan shekara, da kofin mafi ƙarancin bugu.

Kofin mafi ƙarancin bugu kamar ba shi da wuya. A tara duk bugun da mutum ya yi a gasannin da ƙungiya ta amince da su, a raba da yawan zagayen rami 18 da ya buga. Matsalar farko ita ce yawan zagayen. A ɗauki misali: wani ya buga zagaye 12 da jimillar bugu 876, matsakaicinsa 73. Wani ya leƙo gasa ɗaya, ya buga zagaye 4 da bugu 284, matsakaicinsa 71, ba a sake ganinsa ba sai ranar walima. A takarda na biyun ne ya ci. A gaskiya kuwa bai sha ranar da na farkon ya sha ba. Saboda haka muka sa ƙa'ida: sai wanda ya buga aƙalla kashi biyu cikin uku na zagayen shekara zai shiga lissafi. Wasu sun ce an tsananta. To, kofin Vardon, wato na mafi ƙarancin bugu a Amurka, da aka fara bayarwa a 1937 da sunan shahararren ɗan wasa Harry Vardon, daga baya zagaye 60 aka sharɗanta masa. A 2006 Tiger Woods ne ya fi kowa ƙarancin bugu, amma zagayensa bai kai 60 ba, kofin ya tafi hannun Jim Furyk. Idan ƙa'ida ta hana Tiger Woods kofi, ba wanda za ta ji nauyinsa a nan.

Matsala ta biyu ta fi ta farko cin rai, ita ce bambancin fili da na yanayi. Duk wanda ya buga a hunturu ya san ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo na sauka ta ci gaba da gudu, rami mai nisa ya zama na kusa, ga hazo da iska suna ɓata saiti. Da damina kuwa ciyawa ta yi tsawo, ƙwallo inda ta faɗi nan take zama. Sannan ga filayen da dandalin raminsu na ciyawa ne, ga waɗanda nasu na yashi ne da aka cakuɗa da mai, inda ake jan abin sharewa a daidaita hanya kafin a gangara ƙwallo. Bugu 72 a nan da bugu 72 a can ba ɗaya ba ne. Abin da muka yi shi ne auna kowane ɗan wasa da sauran waɗanda suka buga fili ɗaya a rana ɗaya. Idan matsakaicin ranar 75 ne mutum ya buga 72, ya fi jama'a da uku. Idan matsakaicin 71 ne ya buga 70, ya fi su da ɗaya kacal, duk da cewa 70 ta fi 72 kyan gani. Irin wannan gyararren lissafi aka fara bi wajen kofin Vardon a 1988. Sharaɗinsa ɗaya, kuma nan ne muka sha wahala: sai an samu katin kowa da kowa na ranar, har da na wanda ya buga 88 ya ji kunya ya cusa katin a aljihu ya tafi gida. Idan katunan masu yawan bugu suka ɓace, matsakaicin ranar zai yi ƙasa, a tauye wa waɗanda suka yi ƙoƙari haƙƙinsu.

Akwai kuma dabarar da wasu suka ƙware a kai: in wasa ya ɓaci a rami tara na farko, sai ciwon baya ya taso, a janye, don kada zagayen ya shiga lissafi. Daga bana wanda ya janye a tsakiyar zagaye ba tare da shaidar likita ko izinin alƙalin gasa ba ya fita daga takarar kofin na wannan shekara.

Katin maki

A nan za mu ɗan tsaya, domin duk lissafin da ke sama a kan katin yake zaune. Mun bi katunan shekara ɗaya bayan ɗaya, kuma kurakuran da muka gani iri ɗaya ne suke maimaituwa. Kati ba sa hannun mai rubutawa, wato wanda ke rubuta wa ɗan wasa bugunsa. Kati mai jimilla a ƙasa amma an bar rami ɗaya ko biyu ba adadi. Adadin da aka goge aka sake rubutawa har ba a gane 4 ce ko 9. Katin da gumi ko ruwan sama ya jiƙa saboda an rubuta da biro maimakon fensir. Da kuma wanda aka kawo bayan kwana biyu daga cikin mota.

Dokar wasa a bayyane take. Ɗan wasa shi ke da alhakin adadin kowane rami, tarawa kuwa aikin kwamitin gasa ne. Wanda ya sa hannu kan adadin da ya gaza abin da ya buga a wani rami, an kore shi daga gasar. Wanda ya sa hannu kan adadin da ya fi abin da ya buga, haka za a bar masa. A babbar gasar Masters ta Amurka ta 1968 Roberto De Vicenzo ya buga 3 a rami na 17, abokin wasansa ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai duba ba. Wannan bugu ɗaya ya hana shi karawar raba gardama da Bob Goalby, wanda ya lashe gasar. Muna kawo wannan ne saboda har yanzu akwai masu zuwa wurin sakatare bayan mako guda suna neman a gyara kati, suna kawo shaidu. Ba za a gyara ba.

Matakin da muka ɗauka, kuma ya yi aiki a gasannin ƙarshen shekara: teburi ɗaya kusa da rami na 18, mutum biyu a kai. Ɗan wasa da mai rubuta masa su zo tare, a karanta rami-rami da baki, su sa hannu a gaban teburin. Nan take a ɗauki hoton katin da waya a tura wa sakatare, a shigar da adadin a kwamfuta kafin magariba, asalin katin kuma a sa shi a ambulan mai sunan gasar da ranarta.

Ɗan wasan shekara da maki ake fitar da shi, gwargwadon matsayin da mutum ya gama a kowace gasa, gasa mai zagaye huɗu ta ninka mai zagaye biyu nauyi. An kawo shawarar a mayar da shi zaɓe tsakanin 'yan wasa. Mun duba, ba mu karɓa ba. A Amurka an yi duka biyun: PGA ta bi maki, inda cin babbar gasa ke da 30 cin gasa ta yau da kullum 10, su kuma 'yan wasan PGA Tour, wato jerin gasannin ƙwararru na can, suna kaɗa ƙuri'a tun 1990. A 2019 maki ya ba Brooks Koepka, ƙuri'a ta ba Rory McIlroy. Su suna da yawan da ƙuri'a za ta yi ma'ana. Mu kuwa kowa ya san kowa, wannan yaron wancan ne, wancan surukin wannan, zaɓe zai koma na sanayya.

Lambobin aunawa

Ƙwararren kulob na shekara, malamin shekara, da lambar rainon matasa. Waɗannan ba kati, sai hujja. Ana buɗe karɓar sunaye wata biyu kafin walima. Kowane memba na iya gabatar da wani, ban da kansa, sai kuma mutum biyu su mara masa baya, ɗaya daga wani kulob dabam. Takardar gabatarwa bana mun mayar da da yawa, domin abin da ke cikinsu yabo ne zalla: mutumin kirki ne, yana da ladabi, kowa na son sa. Duk gaskiya ne, amma ba a auna shi. Muna son a rubuta ɗalibai nawa yake koyarwa, a waɗanne ranaku, handikaf ɗinsu, wato adadin da ke nuna matakin iya wasansu, nawa ne a farkon shekara nawa ne a ƙarshe, gasa nawa ya shirya, an fara a kan lokaci ko an bar mutane suna jira a rana, yana iya sauya mariƙin sanda da gyara wadda ta karye ko sai an aika wani gari.

Game da malamin shekara, 'yan kwamiti biyu sun je sun tsaya a filin atisaye ba tare da sanarwa ba. Abin da ake dubawa ƙanana ne: yana gyara riƙon sanda da tsayuwa kafin ya shiga maganar lilon sanda, ko yana cika ɗalibi da gyara biyar a bugu ɗaya, yana jera yara da tazara don kada sanda ta sami wani, yana koya musu gyara ramin da ƙwallo ta yi a dandali da yin shiru idan wani zai buga. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa a rubuce shi kaɗai kafin a zauna a tattauna, don kada babba ya yi magana ƙanana su bi. Wanda ɗan kulob ɗinsu ko ɗan uwansa ke takara yana fita daga ɗakin.

Lambar rainon matasa ita ce muka fi alfahari da ita. Ƙwararrunmu da yawa da ɗaukar jaka suka fara, suna bin manya da sanduna 14 a kafaɗa, suna koyon lilo da tsohuwar sanda a bayan ɗakin ajiya. Wanda ya ɗauki irin wannan yaro ya koya masa doka, ya tabbatar bai bar makaranta ba, ya kai shi gasar matasa, ya yi aikin da ya fi cin kofi. Muna ba da shawarar a ƙara lamba ta musamman ga mai ɗaukar jaka na shekara, da kuma ta mai kula da fili, wanda yake tashi tun asuba yana ban ruwa da yankan ciyawa, ba a tuna shi sai ranar da dandali ya lalace.

Sanya wa lamba suna

Wasu masu tallafa mana sun nemi a sa wa kofuna sunayensu. Mun gode da alherinsu, amma shawararmu ita ce sunan lamba ya zama na aikin da take karramawa, sunan mai tallafi kuma a rubuta shi a takardar shekarar da ya bayar. Dalili: suna yana iya zama nauyi daga baya. PGA ta Amurka ta daɗe tana ba da lamba da sunan Horton Smith, wanda ya ci gasar Masters ta farko a 1934 ya kuma shugabanci ƙungiyar. A 2020 ta cire sunan, saboda ya kare dokar da ta taƙaita zama memba ga farar fata kaɗai, dokar da ta zauna daga 1934 zuwa 1961, shekarar da Charlie Sifford, ɗan wasa baƙar fata, ya samu shiga gasanninta.

Walima da kyaututtuka

An yi walima lafiya, sai dai jawabai sun cinye lokacin da ya kamata a ba masu karɓar lamba. Baɗi kowane mai jawabi minti biyar. Kofunan yawo a dawo da su wata guda kafin walima domin a goge a zana sabon suna, mai riƙe da shi a ba shi ƙaramin kwafi ya ajiye. A rubuta suna kamar yadda yake a katin memba, a ba mai shi ya duba kafin a kai wa mai zane, don ƙarfe ba ya goguwa.

Tunatarwa ga kulob-kulob masu haɗa ƙwararru da masu wasan sha'awa a gasa ɗaya: dokar da ta fara aiki a 2022 ta ƙayyade kyautar mai wasan sha'awa kada ta wuce darajar dala 1,000, kuma ba ya karɓar tsabar kuɗi a gasar da ake lissafi da handikaf. Matashin da aka miƙa wa ambulan ba a duba wannan ba, ana iya jawo masa asarar matsayinsa tun bai shirya zama ƙwararre ba.

Abin da muke nema daga taro shi ne ya amince da ƙa'idar kashi biyu cikin uku, da hukuncin janyewa, da sababbin lambobi biyu, a shigar da su kundin dokoki. Jadawalin gasannin da za su shiga lissafi zai fito kafin gasar farko, an kauce wa watan azumi da tsakiyar damina, kuma ba za a ƙara wata gasa a cikinsa ba bayan an fara. Kowane kulob ya turo wa sakatare sunayen mutum biyu da za su zauna teburin kati, za a yi musu bita ta yini ɗaya kafin a buɗe kaka.

Kwamitin Karramawa